Ka Ce Babu Tiyata Sai Da Wuƙa?

Tsaya, malam, kada ka juya shafin nan. Na san irinka. Kai ne wanda in magani bai yi ɗaci ba sai ka ce jabu ne, in allura ba ta sa ka ɗingishi ba sai ka ce ruwa nas ta ɗura maka. Tiyata kuwa a wurinka sai an ga jini, an ga ɗinki, an turo mutum kai a naɗe, dangi na ta salati a baranda. To gyara zama, yau zan ɓata maka lissafi. Akwai asibitoci a duniyar nan da mutum zai shiga da hannun da ya shekara ashirin yana rawa, a taɓa wani ɗan wuri can tsakiyar ƙwaƙwalwarsa, bayan sa'o'i biyu zuwa huɗu ya fito ya ɗaga kofin ruwa ya kai baki bai jiƙa rigarsa ba. Ba a tsaga fata ba. Ba a huda ƙoƙon kai ba. Ko barci ba a sa shi ba. Da sauti aka yi aikin.

Ka ce me? "Sauti? Kalangu za a kaɗa masa ke nan, ko algaita?" Yi dariyarka ka more, kyauta ce. Amma in tambaye ka: ran da uwargida ta je awo ta dawo maka da hoton sikanin, har ka yi ta jujjuya takardar kana neman inda yaron ya ɗauko hancinka, da me kake tsammani aka ɗauki hoton? Sauti ne, ranka ya daɗe. Kunnen ɗan Adam yana tsayawa ne a sautin da ke kaɗawa kusan sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya haura haka yana nan daram, kai ne dai ba ka jin sa. Jemage na ji. Ka biya kuɗin wannan sautin da hannunka, har da godiya, yau kuma ka zo kana yi mini kallon mai tallar maganin basir a tasha.

"Wancan ai hoto ne, leƙe kawai. Ina sauti ina aiki a jiki?" Tambayi kifayen Faransa. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani masani mai suna Paul Langevin yana neman dabarar gano jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku, yana harba sauti mai ƙarfi cikin ruwa. Sai ga ƙananan kifayen da suka gitta ta hanyar sautin suna mutuwa. Sauti kaɗawa ne. In ya ratsa nama, naman yana shanye wani abu daga cikin kaɗawar, ita kuma ta koma zafi. Na sikanin an rage masa ƙarfi ƙwarai don kada ya taɓa komai. Wanda muke magana a kansa an ba shi ƙarfi, aka kuma koya masa saiti.

Kuma kada ka yi mini fuskar rashin sani, domin saitin nan ka taɓa yin sa kana ɗan makarantar allo. Ka tuna kwanon tocila, wannan mai sheƙi da ke kewaye da ƙwan? A cire shi, a cusa 'yar auduga ta ramin, a fuskanci rana da shi. Ranar da ka yini a cikinta ba ta ƙona ka ba, ita ce za ta tayar da hayaƙi a audugar nan take, don kawai an tara ta wuri guda. To hular da ake kifa wa majinyaci a kai kwano ce babba, a jikinta an jera ƙananan bakunan sauti 1,024, kowane yana harba nasa mai kaɗawa kusan sau 650,000 a daƙiƙa. Ɗaya-ɗaya, kowane zai ratsa ƙwaƙwalwa ya wuce salun-alun. Inda duka dubun suka haɗu, wurin da faɗinsa bai wuce 'yan milimitoci ba, nan zafi ke tashi.

Na ga idonka ya yi haske, ka samo inda za ka kama ni. "Ƙashin kai fa? Ta ina sautin zai bi?" Madalla. A nan kam ka yi tambayar masu ilimi, kuma da a 1960 ka yi ta, da kai ka ci gardamar. Ƙoƙon kai yana shanye sauti, yana kuma karkatar da shi, ga shi kaurinsa ba ɗaya ba ne: nan da kauri, can siriri. Sautin da ya bi ta mai kauri da wanda ya bi ta siriri ba za su iso tare ba, in kuwa ba su iso tare ba babu taro, babu zafi, sai dai fatar kai ta sha wuya a banza. A shekarun 1950 wasu 'yan'uwa biyu a Jami'ar Illinois ta Amurka, William Fry da Francis Fry, tare da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Russell Meyers na Iowa, sun yi wa masu cutar Parkinson aiki da sauti. Ka san yadda suka yi da ƙashin? Sun yanke shi suka ɗage, sannan suka harba sautin. An gudu ba a tsira ba ke nan. Da maganin levodopa ya fito a ƙarshen shekarun 1960, sai aka jingine tiyatar irin waɗannan cututtuka kusan gaba ɗaya.

Kusan shekara arba'in ƙashi na riƙe da kambunsa. Sai a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 wani masani ɗan asalin Finland, Kullervo Hynynen, da abokan aikinsa a Boston suka nuna mafita, kuma mafitar lissafi ce. A fara ɗaukar hoton CT na kan mutum, kwamfuta ta auna kaurin ƙashi da taurinsa a gaban kowane bakin sauti, sannan ta tsara wa kowanne lokacin tashinsa: wannan ya riga, wancan ya ɗan jinkirta, yadda duk za su iso mahaɗa a tare. A 2009 likitoci a Zurich ta Suwizalan suka wallafa cewa sun yi wa masu matsanancin ciwon jijiya aiki a ƙwaƙwalwa ba tare da buɗe kai ba. Gardamarka ta yi daidai, malam. Ta dai makara ne.

"To naji. Amma don me za a ƙona ƙwaƙwalwar bawan Allah saboda rawar hannu? Ai tsufa ne." Wani na gefenka ya ce iska ce. Wata ta ce sammu. Akwai ma mai raɗa cewa a binciki abin da yake sha. Haba jama'a! Cuta ce mai zaman kanta, tana cikin cututtukan motsin jiki da suka fi yawa a duniya. Kimanin mutum 1 cikin 100 na da ita, a cikin waɗanda suka haura shekara 65 kuwa ta kai 4 zuwa 5 cikin 100. Tana kama matasa ma, kuma kusan rabin masu ita akwai mai irinta a danginsu. In aljani ne, to aljani ne mai bin salsala.

Kada kuma ka haɗa ta da Parkinson, kuskuren da kowa ke yi. Ka tuna Muhammad Ali ran da ya kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996? Hannun da bai riƙe komai ba shi ya fi kaɗawa. Haka rawar Parkinson take, ta fi tashi in hannu na hutawa, kuma tana zuwa da sanƙarewar jiki da nauyin motsi. Wannan tamu akasin haka ce. Hannu na kan cinya lafiya lau. Miƙa shi ka ɗauki cokali, sai ta ce ga ni. Ba ta kisa, shi ya sa ake raina ta. Amma ka tambayi telan da zare ya daina shiga masa kafar allura, ko wanda banki ya mayar wa takarda don sa hannunsa ya ƙi yin kama da na bara, ko dattijon da ya daina sa hannu a kwano cikin jama'a ya koma cin tuwonsa a ɗaki shi kaɗai. A nan ba na zolaya. Ana fara ba su ƙwayoyi, propranolol ko primidone, suna kuma taimakon mutane da yawa, sai dai daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin masu cutar ba sa samun biyan buƙata.

Hannun ba shi da laifi, saƙo ne ke zuwa masa a hargitse. Akwai hanyar jijiyoyi da ta taso daga ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, mai daidaita motsi, ta bi ta wani sashe a tsakiyar kai da ake kira talamus, ta hau sama inda ake ba gaɓoɓi umarni. A jikin mai wannan cuta saƙon da ke bin hanyar yana maimaita kansa ba ƙaƙƙautawa. In aka lalata ɗan ƙaramin wuri a talamus ɗin, sai maimaicin ya yanke. Likitoci sun san haka tun shekarun 1950, sai dai a da sai an huda kai an zura ƙarfe mai zafi a baki. Kuma na hagu ake taɓawa in hannun dama ke rawa, don haka kada ka ga an nufi hagu ka tayar da rigima cewa likita ya yi ɓatan kai.

Yanzu zo in shigar da kai ɗakin, tunda gani ya kori ji. Abu na farko, aski. Ƙwal-kwabo. Hajiya, na ji kin ce "a'uzubillahi". Ki yi haƙuri, har ke. Gashi yana riƙe 'yan ƙwayoyin iska, iska kuwa abokiyar gabar sautin nan ce, tana iya sa fata ta ƙone. Kitson zai dawo. Daga nan a ɗaura wa kai wani ƙarfe mai kusoshi huɗu da ke riƙe shi kada ya motsa, bayan an yi allurar kashe zafi a wuraren. Ka ga malam, ga 'yar allurarka nan har da ɗigon jini, kada ka ce an cuce ka. Sai a sa wata roba ta zagaye kai, a kifa hular, a cika tsakaninta da fatar kai da ruwan sanyi wanda aka cire wa iska, yana zagayawa yana sanyaya ƙashi. Sannan a tura mutum cikin na'urar MRI.

MRI ɗin ita ce idon likita. Tana nuna masa taswirar ƙwaƙwalwa, tana kuma auna zafin wurin da ake harbi a daidai lokacin da ake yi. Jikinka yana kan digiri 37. Likita zai fara da ɗan ɗumi, arba'in da 'yan kai, don ya ga ko saitin ya faɗa inda ya nufa. Sai ya ƙara zuwa wajen 50, zafin da ke sumar da jijiyoyin wurin na ɗan lokaci bai kashe su ba. A jawo majinyaci waje. Miƙa hannunka. Taɓa hancinka. Ga biro, zana mini layi mai naɗewa. Leɓenka ya yi nauyi? Yatsunka na jin wani abu? In rawar ta lafa kuma babu wata illa, a koma a kai zafin 55 zuwa 60, wurin ya mutu har abada. In kuwa ya ce harshensa ya yi wani iri, a gusa da saitin milimita ɗaya a sake gwadawa. Kowane harbi daƙiƙoƙi ne kawai.

"A farke? Ana gasa masa ƙwaƙwalwa yana kallo?" Ƙwarai, kuma dole ne, domin shi ne alƙalin aikin. Naman ƙwaƙwalwa shi kansa ba ya jin zafi. Ba zan ce maka daɗi ake ji ba: da yawa suna jin ciwon kai mai ƙarfi a lokacin harbin, wasu jiri, wasu tashin zuciya, akwai kuma maɓalli a hannun majinyaci da zai danna ya tsayar da komai. Yawanci a ranar ko washegari ake sallama.

Na san makaminka na ƙarshe, tun ɗazu nake ganin kana wasa shi. "Wayon 'yan kasuwa ne. An tsorata mutum da inji mai ƙara, zuciyarsa ta raya masa ya warke." Likitocin ma sun yi wannan zargin, shi ya sa suka ɗana tarko. Jeffrey Elias na Jami'ar Virginia ya fara da mutum 15, aka buga sakamakon a 2013. Sai aka yi babban gwaji da mutum 76, wanda mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2016. An yi wa 56 aikin gaske. Sauran 20 an yi musu aski, an ɗaura ƙarfe, an tura su cikin inji, amma ba a harba musu komai ba, su kuma ba su sani ba. Masu ba da maki ma ta bidiyo suka duba, ba su san wa aka yi wa me ba. Bayan wata uku, a ma'aunin da ƙarshensa 32 ne, rawar hannun waɗanda aka yi wa aiki ta sauko daga 18.1 zuwa 9.6. 'Yan askin banza kuwa daga 16.0 zuwa 15.8. In zuciya ce ke warkarwa, me ya hana tasu zuciyar aiki? Kada ka ji tausayinsu da yawa, daga baya an ba su damar yin na gasken.

Abu ɗaya zan ba ka kyauta: kamfanin da ke ƙera injin, Insightec na Isra'ila, yana cikin waɗanda suka ba da kuɗin gwajin. Riƙe wannan, hujja ce mai kyau ta sa ido. Amma hukumar FDA, wato NAFDAC ɗin Amurka, ta duba ta amince a watan Yulin 2016, hukumar lafiya ta Ingila ma ta sa shi cikin ayyukan da take biya a 2020. Da aka bi mutum 40 daga cikin 'yan gwajin har shekara biyar, rawar da hannu ke yi in an miƙe shi tana nan a ragin fiye da kashi 70 cikin 100.

A'a, malam, ina za ka? Fasfo kake nema? Ikon Allah! Mutumin da ɗazu yake ce mini kalangu, yanzu shi ne zai kai Baffa da Inna da maƙwabci a jirgi ɗaya. Dawo ka zauna. Wannan sabon imanin naka ya fi tsohuwar gardamarka ba ni tsoro.

Cewa babu wuƙa ba ya nufin babu tiyata. An kashe wani yanki na ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya ƙone ba ya tohuwa. Maƙwabtan wurin nan manya ne: ga hanyar jin taɓi, ga hanyar ƙarfin gaɓoɓi, ga ta daidaita tafiya. A wancan gwajin da na gama yi maka alfahari da shi, kashi 36 cikin 100 sun sami tangaɗi a tafiya, kashi 38 sun sami mutuwar fata ko jin tsira-tsira a yatsu ko leɓe. Yawancinsu sun warware, amma bayan shekara guda kashi 9 na fama da tafiyar, kashi 14 na fama da fatar. Kuma ka lura 9.6 ba sifili ba ne. Rawar raguwa ta yi, kusan rabi, wasu ma takan ɗan dawo musu bayan shekaru. Ga wanda ya kasa kai loma baki, wannan ciniki ne mai riba. Ga wanda hannunsa ke ɗan motsi in ya ga surukinsa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Sannan gefe ɗaya ake yi a zama ɗaya. Tun zamanin ƙarfe mai zafi aka gane cewa taɓa talamus biyu na iya lauye magana. Sai a ƙarshen 2022 FDA ta yarda a yi gefe na biyu, shi ma bayan aƙalla wata tara. Kuma ba kowane kai ke karɓa ba. Akwai ma'aunin da ake fitarwa daga hoton CT, in ya nuna ƙashin mutum ba ya barin sauti ya wuce sosai, sai a ce ya nemi wata hanya. Ka ga ashe taurin kai ma asibiti na auna shi, kuma ina jiye maka sakamakon.

"Parkinson fa?" FDA ta amince da aikin a 2018 ga waɗanda rawa ce babbar matsalarsu, a 2021 kuma aka ƙara wani wurin harbi don masu fizge-fizgen da dogon shan levodopa ke jawowa. Amma ba ya tsayar da cutar. Tana ci gaba da tafiyarta, alama ɗaya aka rage mata. Duk wanda ya ce maka an samo maganin Parkinson da sauti, riƙe aljihunka.

Akwai ma kishiya, kuma ba ta tsufa ba. Tun 1987 Alim-Louis Benabid a Grenoble ta Faransa ya nuna cewa in aka dasa siririyar waya a wancan wurin na talamus ana ba shi 'yar wutar lantarki, rawa na tsayawa. Wannan sai an huda kai, a binne batir a ƙarƙashin fatar ƙirji, a riƙa komawa ana saiti, batir in ya ƙare a sake. Amma ana iya ƙarawa, a rage, a kashe, a kuma yi gefe biyu. Likitoci da yawa har gobe ita suke zaɓa wa mai ƙananan shekaru ko mai rawar hannu biyu. Ga wanda zai taso daga Kano ko Damagaram ya yi aiki a wata ƙasa ya dawo, rashin batir da rashin zaryar saiti ba ƙaramin abu ba ne, a nan sautin ya yi zarra. Sai dai injin da MRI ɗin da yake aiki a cikinta kuɗinsu miliyoyin daloli ne, suna son wutar da ba ta ƙiftawa, ga tawagar ƙwararru. Kuɗin aikin kuwa, in na faɗa maka a naira, kai ma hannunka zai fara.

Kafin ka sayar da gona, ka kai Baffa wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa mafi kusa, a fara gano wace rawar ce. Wata daga maƙoshi take, ƙwayar da ke wuya ce ke aiki fiye da kima, gwajin jini zai nuna. Wata maganin asma na shaƙa ne ke kawo ta, wata faɗuwar sukari. Propranolol ɗin nan tsohon maganin hawan jini ne mai araha, amma mai asma ba ya shan sa, don haka ba aikin yaron kemis ba ne. Kuma a ƙirga goron da Baffa ke ci daga asuba zuwa isha, da kofunan shayin da ke bin sa, domin sinadarin da ke cikinsu mai hana barci yana iya ƙara wa rawar hannu kiɗa.

"Goro kuma? Yanzu goron ma laifi ne? To ni ban yarda ba!" Alhamdu lillahi, ka dawo hayyacinka, har na fara kewar ka. Amma in gaya maka tun wuri, kada ka yi asarar kuɗin jirgi: hannu injin nan ya fi gyarawa. Wannan rawar kan da ka yi ɗazu, ko bakunan sauti dubu goma aka jera maka, sai dai a yi maka askin a sallame ka.